Ranar da Na Kai wa 'Yar Chaina Jaje

A shekarar ƙarshe ta digirina na biyu ina zaune a garin Laurel na Amurka, kullum jirgin ƙasa nake bi zuwa Washington. Ajinmu cike yake da 'yan Chaina, kuma abu ɗaya ne ke hana mu sukuni duka: duk wanda ya gama bai samu aiki ba, bizarsa na ƙarewa sai gida.

Duk Asabar suna haɗuwa a ɗakin ɗayansu, a aza tukunya a tsakiyar tebur, ana tsoma nama da ganye, ana gwajin intabiyun neman aiki. Ni na cusa kaina a matsayin gwanin Turanci, alhali ko kamfani ɗaya bai taɓa kirana ba. Saboda ni suka daina sayen naman alade, ba su kuma taɓa faɗa mini ba.

Akwai wata a cikinsu da ta fi mu duka ƙoƙari, kuma lokacinta ya fi na kowa ƙurewa. Ta riga ta gaya wa iyayenta cewa aiki ya kusa tabbata. Wata Asabar, tun a bakin ƙofa aka raɗa mini cewa kamfanin da take sa rai ya ƙi ɗaukarta. Na shiga na tarar ana hira kamar ba abin da ya faru, sai dai kowa na zuba mata nama a kwano. Raina ya ɓaci. Na ce a zuci, waɗannan mutane ba su san jaje ba.

Sai na gyara zama kamar dattijon unguwa, na yi mata jaje irin namu, da Turanci, a gaban kowa. Na ce ta yi haƙuri, ba rabonta ba ne, alheri na gaba. Na maimaita har da girgiza kai. Na kusa da ni ya taka mini ƙafa, ni kuwa na ɗauka kuskure ne, na janye ƙafar na ci gaba. Sai daga baya na gane su ba sa ambatar faɗuwar mutum a bainar jama'a, naman nan shi ne jajensu.

Ta fashe da kuka. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Ta ɗauki waya ta shige kicin. Muna jin muryarta ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ƙara tsoma komai a tukunya.

Da ta fito na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Tunda kowa ya ji, na ga gara babana ma ya ji," in ji ta.

Mai ɗakin ya tambaye ta me baban ya ce.

"Wai tun watan jiya ya gane a muryata, jira yake in faɗa da bakina. Ya ce ɗakina na nan a gida, sun share shi."