Namijin Tarwada Mai Ƙwai

Ranar wata Lahadi ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu, ina tsugune bakin gota, wato kwatar gidanmu, a Zongo da wuƙa da kwanon toka ina gyaran tarwada. Baba kafinta ne a Anloga, amma duk Lahadi sai ya ɗauki ƙugiyoyinsa ya nufi wani rafi bayan Asokore Mampong. Yana da doka guda: da damina ba ya kawo macen kifi gida. Yakan juya cikin tarwada, in ya ga ɗan tsiron nan na namiji ya jefa a buhu, in babu ya mayar da ita ruwa. "Wanda ya ci uwa ya ci gobe," in ji shi. To ran nan na farke wani ƙato, namiji sak, tsironsa a fili, sai ga wasu ƙwayoyi rawaya-rawaya manne a cikinsa. Ƙwai!

Lokacin Mma tana da cikin ƙanena Sani, wata biyar, kuma ba abin da ke zama a cikinta sai romon tarwada da yaji. Ko wake da shinkafa ta shinshina sai amai. Na san halin Baba sarai, in ya ga abin nan ya bar rafin ke nan, Mma kuwa ta zauna da yunwa. Sai na yi ta maza, na kankare ƙwan na watsa a gota, na wanke kifin da toka da lemon tsami, na kai tukunya. Mma ta sha har tana sa mini albarka.

Wata huɗu na yi cikin fargaba, ba wanda ya sani. Ko ampe, wasanmu na 'yan mata na tsalle da tafi, muke yi a filin makaranta, da na tuna sai ƙafa ta rikice, a yi ta yi mini dariya. Sau uku na sake ganin irin kifin, sau uku na ɓoye. Na taɓa jin matan gidanmu wurin daka suna cewa abin da mai ciki ta ci shi ɗa ke zama, wallahi ran nan har zazzaɓi na yi. Da aka haifi Sani, ni na fara kutsawa ɗaki na ɗaga zanen na leƙa, ungozoma ta make mini hannu ta ce ba ni da kunya. Lafiyayyen namiji ne.

Yanzu 'yata, da ke karatun halittun ruwa a jami'a, ta ce ruwan gota da ragowar magunguna da sinadarai ne ke sa namijin kifi yin ƙwai, kuma da ɗan yankin fiffiken kifin ake gwadawa a gane asalin jinsinsa, ko da ido ya ruɗe. Rafin nan na Baba, da muke wanka a ciki muna yara, ya zama baƙin kwata cike da leda, Baba ya rasu yana yarda da idonsa. Sani kuwa shekararsa tara da aure, shiru. 'Yata ta ce kada in ɗora wa kaina, ba a haka ake ganewa ba. Na ji ta. Amma Mma na nan da ranta, kullum tana roƙa wa Sani haihuwa, ni kuma ina cewa amin kaina a ƙasa. Har yau ban gaya mata ba.