Radka da Wuƙar Yankan Tumatir

Shekara ashirin da takwas Radka ta yi tana girki a masana'antar gilashi ta garinsu, can kudancin Bulgariya. Mace ce ƴar gajeriya mai ƙaton murya. Idan bazara ta yi, kullum sai ta ɗauro kwandon tumatir da kokwamba daga lambunta a bayan keke, ba wanda ya sa ta. Ta yanka su manya-manya, ta barbaɗa gishiri ta jira ruwan tumatirin ya fito, sannan albasa, gasasshen tattasai, ɗan mai, ta goga farin cuku a sama. Kowa ya miƙo faranti don nama, sai ta ɗora masa wannan a gefe.

Kolyo mai walda ne ya fi kowa tsiya.

"Yaya Radka, awaki kika mai da mu ne?"

"Akuya ta fi ka lafiya," in ji ta. "Dubi tumbinka, yana riga ka shiga ɗaki."

Bayan an rufe masana'antar da shekara shida, ɓarin jikin Kolyo ya shanye. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa suna Jamus, likita kuma ya hana shi kitse. Radka ta ji labarin a kasuwa. Washegari da hantsi ta isa gidansa da kwando, ta tarar da shi zaune ya juya wa taga baya.

Ba ta yi masa jaje ba. Wuƙa ta damƙa masa a hannun da ke aiki.

"Yanka."

"Da hannu ɗaya? Kin haukace?"

"Bakinka dai bai shanye ba. Yanka!"

Tumatirin ya yi ta sulluɓewa, har Kolyo ya yi ƙwalla don takaici. Radka ta kau da kai, ta shiga ɓare albasa. Bayan kwana uku ta dawo ta ga ya kafa ƙusoshi uku a katako, ya soke tumatir a kai yana yankawa. Kafin sanyi ya shigo, yana dogara sanda har lambunta.

Yanzu Radka ta haura tamanin, hannunta yana rawa, ba ta iya riƙe wuƙa. Kolyo ne ke zuwa da katakonsa kullum da azahar. Ita kuwa tana kan kujera tana faɗa: "Ka cika gishiri, tsohon banza."