Ranar da Teku Ya Cinye Kuje

Har in bar duniya ba zan manta da ranar da wani dagaci daga bayan Kuje ya shigo ofishinmu na zanen taswira ba. Lokacin ba a daɗe da kwaso mu daga Legas zuwa Abuja ba. Ina ƙaramin ma'aikaci, ni ke zama gaban kwamfuta.

Kowace taswira tana da shimfiɗa, wato launin da ke ƙasa kafin a ɗora tituna da unguwanni. Tamu a Legas aka saita ta, kuma can duk inda ba a auna ba teku ne, sai aka ba shi shuɗi. A Abuja kuwa tsakiyar gari kawai aka auna. Sai ga Garki da Wuse sun zama tsibiri, Kuje da Abaji sun nitse. Na yi wa oga magana har na gaji. Ya ce abin da hedikwata ta saita ba mai taɓawa sai da izininta, alhali rabin hedikwatar na cikin tirela a hanyar Lokoja.

Dagacin ya zo ne ya ji ko za a tashe su, don an tashi ƙauyuka da dama. Masinjanmu, uban iyayi, ya riga ya faɗa masa shuɗi ruwa ne. Da na nuna masa inda ƙauyensa yake, sai tsohon ya cire hula ya zauna a ƙasa.

"Yaro, wannan ruwa yaushe za ta zo? Doyanmu yana ƙasa, kabarin ubana ma yana nan."

Dariyar da nake ƙunshewa ta tsaya, wallahi tausayi ya kama ni. Na rantse masa babu dam, babu komai, fenti ne kawai. Ya ce gwamnati ba ta ɓarnar fenti a banza. Oga ya share gumi, ya leƙa waje, ya rufe ƙofa, ya ce in sauya amma kada Legas ta ji. Na danna, ko'ina ya koma kore.

Na zata tsohon zai yi murna. Ina! Ya ƙura wa yatsana ido, ya ce wanda ya janye ruwa da yatsa ɗaya, da yatsa ɗaya zai mayar da shi. Ya ƙi tafiya sai da muka tashi, ya ga an lulluɓe kwamfutar an kulle ofis. Daga nan duk mako sai ya hau mota ya zo, mu gaisa, ya duba ko garinsa na nan a bushe.

Shi ya sa nake gaya muku, kada ku raina shimfiɗa don ba ita manya ke dubawa ba. Kafin ku shafa wa wuri launi, ku tambayi wa ke kwana a cikinsa.