Farar Robar Yaya

Yayata ɗinkin labule take yi, duk layinsu Mai Labule ake ce mata. Shagonta ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. In ka leƙa za ka same ta duƙe a kan keke, ta jera fil a leɓe, tana amsa gaisuwa da ka. Mutane sun ɗauka fil ɗin ne ke hana ta magana. Ni da muka fito ciki ɗaya na san bakin take ɓoyewa. Dasashinta ya kumbura ya yi jawur, ga wari, in ta ciji zare sai ka ga jini a jikinsa, ta yi maza ta datse wurin da almakashi.

Ta daɗe da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, ga shekaru sun fara ja. Mijinta makanike ne, ba shi da hayaniya, bai taɓa goranta mata ba, kuma wannan shirun nasa shi ya fi ci mata rai. Asibitocin mata kuwa ta zaga su har masu gadi sun san ta. An yi hoton ciki, an ɗebi jini, mijin ma an gwada shi, kowane likita ya ce bai ga wani abin a zo a gani ba, su ƙara haƙuri. Babu wanda ya ce ta buɗe baki, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Wata mai tsohon ciki ce ta ja mana. Ta zo karɓar labule, mace mai surutu kamar rediyo, ta ga jan zaren, sai ta kwashe da dariya ta ce ai ita da haka take gane ta samu, tun kafin gwaji dasashi ke fara yi mata jini. Ta ɗauki kayanta ta tafi, ta bar Yaya da maganar. Har yau in na tuna matar nan raina ɓaci yake.

Daga nan Yaya ta sayi farar roba. Kullum da safe in ta goge baki a ciki take tofarwa, ta kai bakin taga ta duba. In jan ya yi yawa sai wayata ta yi ƙara, in ɗaga in ji ta: "Auta, na yau ya fi na jiya." Ranar ba za ta ɗaga bandir ɗin yadi ba, ba za ta hau tsani auna taga ba, tafiya ma a hankali take yi kamar mai ɗauke da ƙwai. Sai al'ada ta zo, ta rufe shago ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. In ta yi wanka kuma robar ta dawo bakin taga.

Na yi lallashi, na yi masifa, na ce ta je wurin likitan haƙori. Ta ce allurarsu da magungunansu za su iya taɓa abin da ya shiga. Na ce me ya shiga? Ta ce ƙila. Wannan ƙila ɗin shi ya cinye mana shekaru, don babu watan da babu shi.

Ranar da kumatunta ya haye har ido ya ƙanƙance, mijin ya baro gareji da baƙin mai a hannu, ya sa ta a mota, na bi su. Likitar haƙorin mace ce mai sanyin magana. Kafin ta taɓa ta Yaya ta riƙe mata hannu, ta ce a bi a hankali, ƙila tana da ciki, ga ma alamar nan a bakinta. Likitar ta sa aka yi gwaji, babu komai. Sannan ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta ce gaskiya ne masu ciki kan ga jini, amma wannan tsohon ciwo ne da ya ci har gindin haƙora. Ta ce kumburin da ya daɗe haka ba a baki kaɗai yake tsayawa ba, kuma akwai binciken da ya ga masu irinsa sun fi jinkirin samun ciki. Ba ta ce shi ne dalili ba, ba ta kuma yi alkawarin komai ba.

Yaya ta dube ni, ta ce, "Wato ciwon nake ta lallaɓawa." Mijin ya fita waje, na hango shi ta gilashi yana goge fuska da tsumman aikinsa.

An cire haƙori ɗaya, aka yi ta komawa wankin sauran, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Kumburin ya saɓe, warin ya tafi, har ta fara dariya ba ta kare baki ba.

Wata safiya na biya gidan na same ta zaune a bakin taga, robar a cinyarta. Kumfa ce fara tas, ko ɗigon ja babu. Na ce barka, an rabu da wahala. Ba ta ɗago ba, hawaye na ɗiga cikin kumfar.

"Auta," ta ce, "a da ina tashi da abin dubawa. Gobe me zan duba?"