Zaren da Ka Ƙi Yarda da Shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, abokin aikinmu da muke kira Mai Zare ya riga mu gidan gaskiya, bayan ciwon sukari ya kayar da shi a bakin teburinsa. Na zauna in rubuta yabo, amma wallahi haushinka ne ya fara zuwa mini.

Shekaru muka yi a ɗakin bincike ɗaya. Kana lanƙwasa siririn zaren roba mai ɗaukar haske, ka kankare gefensa, ka shafa masa sinadari, a ɗiga jini, hasken ya ragu gwargwadon sukarin da ke ciki. Burinka a samu abin awo mai araha da ƙaramin asibiti zai iya saya. Guntayen zaren kuwa 'ya'yan ma'aikata kake raba wa, ka haska musu tocila su yi ta murna. Ɗalibin da ya lalata gwaji, kai kake rarrashinsa, har ka sayo masa abinci.

Amma kai da taurin kai! Duk sabon zaren da ka haɗa, da jinin yatsanka kake fara gwada shi, wai kai ne lafiyayyen da za a auna saura da shi. Zaren ya nuna sukari ya yi sama, sai ka yi tsaki, ka ce shafin bai kama ba, ka jefa shi a gwangwanin da ke ƙarƙashin tebur. Na ce, "Malam, ka leƙa asibiti mana." Ka ce, "In gama gyara wannan tukuna." Kana rama, kana shan ruwa kamar raƙumi, kana zargin roba. Uwargidanka ta yi magana har ta gaji.

Bayan sadakar uku na zazzage gwangwanin nan, muka sake musu shafi, muka gwada su da jinin da asibiti ya riga ya auna. Ko ɗaya bai yi ƙarya ba. Aikinka ya daɗe da kammala, kai kaɗai ne ba ka yarda ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wannan zare ya zame maka sadaka mai gudana. Uwargida da yara, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Wanda zaren zai gaya wa gaskiya nan gaba, Allah Ya sa ya saurara.