Takardun da Kaka ta tafi da su Wusasa

Ina da shekara goma sha uku Kaka ta zo mana daga Wusasa, ta yi wata biyar a gidanmu na Pleasant Garden. Ba ta son zaman falo, wai sanyin na'ura yana shiga mata ƙashi. Don haka in an ci tuwon yamma sai Baba ya hura wuta a kaskon ƙarfe a bayan gida, mu jera kujeru, tana gasa masara tana yi mana tatsuniya.

A lokacin Baba yana karatun zama fasto, ana koya musu Girkanci saboda Sabon Alkawari. Da yatsa ɗaya yake buga rubutu, sai ya juya mini allon kwamfutarsa zuwa haruffan Girka, ya ce in koya in riƙa buga masa ayoyi. Abin ya shiga raina fiye da kima. Akwai harafi mai kama da kofaton doki, akwai mai kama da cokali mai yatsu, ni kuwa ba ni da buri sai in same su ba tare da na kalli hannuna ba.

Da Kaka ta ga yadda yatsuna ke gudu, sai ta ce, "Ƙawata, tunda hannunki ya fi bakina sauri, ki zuba mini labaran nan a ciki. Jikokina na gida rediyo ma ba sa saurara, balle tsohuwa."

Na ce to. Kullum ina zaune kusa da ita da kwamfuta a cinya, tana magana ina bugawa. Amma ba labarinta nake bugawa ba, atisayena na haruffan Girka nake yi, layi bayan layi, ina ƙoƙarin wuce saurina na jiya. Takan dakata ta jira ni, wai kada ta bar ni a baya.

Tatsuniya guda ɗaya ce ta ɗan maƙale mini. Wani makaho ne ya ba ɗansa irin gero ya shuka masa. Ɗan ya kai irin aka daka masa fura, ya je gona ya binne tsakuwa. Kowace safiya tsohon yakan lallaba ya durƙusa yana shafa ƙasa, ko zai ji tsiro. Iya abin da kunnena ya kama ke nan.

Ana gobe za ta koma ta ce a fitar mata da labaranta a takarda. Na ji kunya, amma tsoron faɗan Baba ya fi ƙarfi. Na fitar da shafi ashirin na atisayen nan na miƙa mata, tunda ba ta karatu. Ta shafa su ta sa mini albarka.

Bara ta rasu. Bayan wata biyu Anti Saratu, ƙanwar Baba, ta aiko mini da ambulan. Takardun ne, sun yi laushi don yawan taɓawa. Ta ce a cikin akwatin zannuwan Kaka aka same su, kuma kafin rasuwarta duk wanda ya zo gaishe ta sai ta nuna masa. Sun kai wa malamai uku, ba wanda ya gane rubutun.

Yau ina buga Girkanci ido rufe, har ɗaliban Baba nake taimaka wa. Na daɗe ina ganin ɗan makahon nan mugu ne, yanzu kuwa na san wataƙila cewa ya yi gobe zai gyara. Jiya Anti ta sake kira, ta ce yara sun matsa, yaushe zan mayar musu da labaran Kaka cikin Hausa. Na ce mata ina kan aikin.