Sun Zo Dubiya da Wadda Za Ta Gaje Ni

Jama'a, na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu tambayata ko lafiya, ga amsarku yau. Kuma da fushi nake rubutun nan, ba zan ɓoye ba.

Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Yalwawa, boko da safe, Islamiyya da yamma. Zazzaɓi ne ya fara mini, irin mai lafawa da safe ya dawo da la'asar. Na sayi magani a kemis, na ci gaba da shiga aji.

Da ciwon ciki ya haɗu, na je wajen mai makarantar neman izinin zuwa asibiti. Bai hana ni ba, shi ai ba ya hana kowa. Cewa ya yi jarrabawa ta matso, karantarwa aikin lada ce, kuma ni ce ginshiƙin makarantar, ba irin masu zuba wa agogo ido ba. A taron malamai ma, wanda ya zo aiki da ciwo shi ake tafa wa. Da daɗin baki ya mayar da ni aji.

A gaban allo na faɗi, da alli a hannuna.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Taifot ne, ya daɗe har ya huda hanji. Likita ya tambayi mijina me ya sa aka zauna da ni a gida har haka. Ya ce ai ba a gida nake ba, ina wajen aiki.

Da aka tura ni ɗakin tiyata na ji tsoro ƙwarai, ba na tuna komai sai 'ya'yana. Na farka da roba a hanci, ba ci ba sha sai ƙarin ruwa. Ƙanena ya ba da jini. Kuɗin aiki kuwa sai da Innata ta sayar da tumakinta a Miga. Makaranta ko sisi.

Ɗinki bai ko kame ba sai ga mai makaranta ya zo dubiya, da ledar lemo, da wata budurwa biye da shi. Ya yi doguwar addu'a muka shafa. Sannan ya ce wannan ce za ta riƙe ajina, tunda karatun yara ba ya jira.

"Malama, ki ɗan daure ki nuna mata inda kika tsaya."

Budurwar ma kunya ta kama ta, ta sunkuyar da kai.

Babana yana zaune a gefen gado. Malamin allo ne, ya tsufa yana karantarwa, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya dubi mai makarantar ya ce:

"Alhaji, ladan nan da kake ta raba wa mutane, kai ke biyansa? Mahaifina ya yi aikin tilas na hanya farkon zuwan Nasara. Ya ce ko su, wanda zazzaɓi ya kayar barinsa suke a inuwa."

Mai makarantar ya yi 'yan kame-kamensa ya fita. Lemon dai ya bar mana.

Alhamdu lillahi, yanzu ina takawa, ina shan kunu da hannuna. Makarantar ban koma ba, kuma ba zan koma ba. Allah Ya saka wa likitoci da nas-nas, da mijina, da ƙanena, da Inna da ta rasa tumakinta saboda ajin wani.

Shawarata: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin kemis, a je a auna jini, kada a jira hutu. In shugabanki ya fara kiranki ginshiƙi, ki yi hattara, ginshiƙi ba a ba shi izinin zama.

Ni da aka ce makaranta ba za ta tsaya ba sai da ni, an samu madadina tun ba a cire mini zare ba.